Hutun Disamba: in bar yarona ya je sansani?

Hajiya ta Malali: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 15, amma ko shayi sai an haɗa masa, in baƙo ya yi sallama kuwa sai ya shige ɗaki. Makarantarsu za ta kai su sansani na mako guda a hutun nan. Gabana sai faɗuwa yake yi. Ku ba ni shawara don Allah.

Malam na Kawo: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar shi ya je. Ina koyarwa a sakandare, kuma abin da na lura da shi shi ne nauyin da ake ɗora wa yaro a can shi ke gyara shi, fiye da laccocin. Za a ce kai ne shugaban ɗaki, kai za ka tashi 'yan uwanka sallar asuba, kai za ka raba abinci kowa ya samu. Ba Mama, ba mai aiki. Ya wanke kayansa, ya bi layin ruwa da bokitinsa, ya tsaya gaban taro ya yi magana ko da muryarsa na rawa. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya, a aji ma za ki ga ya fara ɗaga hannu.

Baba na Tudun Wada: Malam na yarda, amma a fara tambayar ina ne wurin. Ba mu manta da ɗaliban makarantar Bethel Baptist da 'yan bindiga suka sace a 2021 ba, ga na Kuriga a Maris ɗin 2024. Ni ba zan sa hannu a kai yara su kwana a daji ko bayan gari ba. A yi a cikin Kaduna ko Zariya, harabar da ke da katanga da masu gadi, kuma ban da tafiyar dare. Hajiya, ki je ki ga wurin da idonki.

Anti ta Barnawa: Haka ne Baba. 'Yata ta je na Girls' Brigade, ƙungiyar 'yan mata ta coci, ta dawo tana shirya ƙannenta da safe ba tare da na buɗe baki ba. Masu 'ya'ya mata su tabbatar mata ne ke kwana da su, kuma akwai nas.

Malam na Kawo: Ga kuma IVC, wato sansanin koyar da addinin Musulunci na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, da ake yi a hutun ƙarshen shekara. Akwai sikawut, akwai 'yan agaji. Wanda ya ɗan tasa yana son hawan dutse da igiya, cibiyar Man O' War ta Dutsen Shere a Jos ta gwamnatin tarayya ce.

Hajiya ta Malali: Na gode ƙwarai. To waya fa? In ba shi?

Anti ta Barnawa: A'a Hajiya, ki karɓi lambar malaminsu kawai. In yana da waya, daren farko zai kira ki da kuka, ke kuma ba za ki iya haƙuri ba. Jakar ma shi zai haɗa da kansa, ke dai ki duba: rigar sanyi da bargo saboda hunturu, basilin, gidan sauro, tocila, buta, sai ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli.

Baba na Tudun Wada: In yana da asma ko sikila a faɗa wa malamai tun kafin tafiya, a ba su maganinsa a hannu.

Hajiya ta Malali: Lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Gobe in sha Allahu zan je wajen shugaban makarantar in ji inda za a sauke su.