Neman kalma: "pairing" da "bourbon", gobe da safe za mu naɗa

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'ar gida. Agaji nake nema cikin gaggawa. An ba ni fassarar wani rahoton rediyo na minti shida a kan inda masarar manoman Amurka ke zuwa bayan girbi, kuma gobe ƙarfe 10 na safe za mu naɗa. Na wuce batun abincin dabbobi da man itanol da ake zuba wa mota lafiya lau. Sai wakilin ya shiga garin Bardstown na jihar Kentaki, inda ake bikin barasar nan da suke kira bourbon duk watan Satumba, ya halarci wata liyafar dare. An kawo abinci kala huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin barasar da aka zaɓa masa. Wannan zaɓen shi suke kira "pairing", kuma kalmar ta fito sau bakwai. Na sa "haɗi", da na karanta a bayyane sai na ji kamar an juye miya a cikin kofin. Abu uku nake so: sunan barasar, sunan liyafar, da wannan kalma. Allah ya ba da lada.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Liyafar dai ki ce "liyafar ɗanɗano". Kada ki kuskura ki ce walima.

Ɗan Kantin Kwari: Dina mana. Kowa ya san dina.

Uwar Biyu: Kana cewa dina kowa zai hango amarya da ango da liƙi. Ba wannan ba ce.

Malamin Nahawu: "Haɗi" ba zai yi ba, kin yi daidai da kika ji haka. Haɗi gaurayawa ce, "gami" ma haka, "surki" ya fi su muni. Abin da Turawan ke nufi shi ne abu biyu, kowanne na zaman kansa, an duba halinsu an ga za su zauna lafiya. Wannan a Hausa aure ne. Ki ce "auren ɗanɗano". Ga aikatau a shirye: an aurar da wannan barasa ga wannan nama. Ga jam'i, ga komai.

Baƙon Louisville: 'Yar'uwa, bari in faɗa miki yadda abin yake a ido, ko zai taimaka. Lokacin karatuna na yi aikin kai abinci a wani otal a birnin Louisville na jihar Kentaki, na yi hidimar irin wannan liyafa ba sau ɗaya ba. Kafin baƙi su zauna, an jera ƙananan kofunan gilashi huɗu ko biyar a gaban kowace kujera, masu faɗin ciki da tsukakken baki don ƙamshin ya taru. Abin da ke cikin kowanne bai wuce kurɓa uku ba. Ga kati an rubuta sunan kowace barasa da shekarunta a ganga, ga ɗan tulun ruwa saboda wasu na ɗiga ɗigo biyu su rage kaifinta. Mutumin kamfanin da ke yin barasar zai miƙe ya yi bayani, sannan a kawo faranti. A shinshina, a kurɓa kaɗan, a ci loma, a sake kurɓa. Wannan kurɓar ta biyun ita ce dalilin taron gaba ɗaya, ana son a ji yadda lomar ta canja ta.

Ana farawa da mai sauƙi a ƙare da mai ƙarfi, don in aka fara da mai ƙarfi harshe ya mutu. Zaɓen kuma hanya biyu ne. Ko a bi kama: barasar na da ɗanɗanon ƙonannen sukari da banila da take ɗauka daga gangar, sai a kawo mata kek ɗin fikan (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) ko baƙin cakulan. Ko a bi saɓani: a kawo abu mai kitse da gishiri, kamar tsohon cuku, ko kyafaffen naman ƙirjin saniya, ko naman aladen da suke busarwa da gishiri, wanda Kentaki ta yi suna a kansa, sai kitsen ya kwantar da zafin barasar, ita kuma ta wanke maiƙon daga baki. Abin da masu girki ke gudu shi ne barkono da yawa, domin yaji kan ƙara wa zafin wuta. Ba a taɓa zuba ɗaya cikin ɗaya. Shi ya sa "haɗi" ya yi miki nauyi.

Uwar Biyu: To ai wannan da ka zayyana mahaɗi ne! Me ake wahala? Koko mahaɗinsa ƙosai. Waina mahaɗinta miyar taushe. In na dama kunun gyaɗa da azumi yara za su ce Mama ina mahaɗin? Babu wanda ya taɓa fahimtar cewa a jefa ƙosan a tukunyar kunu nake nufi. Kuma abin da ya faɗa na kama da saɓani duk mun sani: tsire mai maiƙo ana sa masa ɗanyar albasa ne don ta yanke kitsen.

Mai Fassara: Anti, wallahi kin taɓa wurin. Yanzu na gwada: "kowace barasa da mahaɗinta." Ya zauna a baki.

Malamin Nahawu: Ya zauna a jimla ɗaya. Sauran shidan fa? Mahaɗi sunan abu ne, ba sunan aiki ba. Ƙosai ne mahaɗi, amma aikin zaɓo ƙosan me sunansa? Sannan mahaɗi yana da sama da ƙasa: miya ce mahaɗin tuwo, ba a cewa tuwo mahaɗin miya. "Auren ɗanɗano" ya ɗauke duka biyun a matsayi guda. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da ƙirar kalma, ba da ka nake magana ba.

Baƙon Louisville: Malam, da girmamawa, wannan sama da ƙasan shi ne ma ya sa kalmar Anti ta dace. A irin wannan liyafa barasar ce uwar tafiya. Ita aka fara zaɓa, sannan mai girki ya zauna ya tsara abin da zai bi ta. Abincin ne mahaɗi.

Almajirin Zaure: Ni tun ɗazu ina karantawa raina na ɓaci. Malam, aure sunna ce, ka ɗauko shi ka jingina wa giya? Kuma ku duka, me ya kai Hausa ƙirƙirar kalmomi masu daɗi don abin da Allah ya haramta? 'Yar'uwa ki ce "sun sha giya sun ci abinci" ki wuce. In kin ƙawata abin, wani yaro zai ji ya yi sha'awa, alhakin a wuyan wa?

Tsohon Ɗan Jarida: Ɗana, a kan kalmar aure ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Duk gidan rediyon da ya ce an aurar da barasa, kafin azahar wayoyinsa sun cika, kuma masu kiran suna da gaskiya. Amma ɗaya maganar ban yarda ba. Giya, barasa, burkutu, bammi, mashaya, maye, duk Hausa ce tsohuwa. Malaman tafsiri da kalmar giya suke fassara aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, da babu kalmar da me za su yi hanin? Kuma Hausa ba ta Musulmi kaɗai ba ce, akwai Kiristoci, akwai Maguzawa, akwai miliyoyin da suka koye ta a kasuwa. Rahoton nan a kan masara da ciniki yake. A 2018 da Tarayyar Turai ta ɗora wa wiskin Amurka harajin kashi 25 cikin 100 don ramuwar harajin da Amurka ta sa wa ƙarfe, ai da Hausa aka ba da labarin, ba wanda ya ce an yi talla. Aikinta ta faɗi abin da wakilin ya gani, ba ƙari ba ragi.

Almajirin Zaure: Baba, na ji. Amma dai a bar kalmar barasa ta fito fili, kada a ɓoye ta a bayan sunan Turanci mutane su zaci lemo ne.

Mai Fassara: Wannan na ɗauka, Malam. Za ta fito tun jimlar farko.

Malamin Nahawu: To in haka ne sunan ma a huta da aro. "Barasar masara", shi ke nan. Kullum muna kwaso kalmomin mutane kamar harshenmu maraya ne.

Baƙon Louisville: Nan kuma akwai matsala, Malam. A dokar Amurka akwai wani nau'in daban da sunansa ke nan, wiskin masara: shi aƙalla kashi 80 cikin 100 masara ne, kuma ba a ajiye shi a sabuwar ƙonanniyar ganga. Bourbon kuwa kashi 51 ne mafi ƙaranci, ragowar alkama ko sha'ir ko wani hatsin da suke kira rye, kuma dole a zuba ta a sabuwar gangar itacen ok da aka babbake cikinta. Na taɓa leƙa irin gangar, mai cin kusan lita 200: cikin baƙi ƙirin, ya tsattsage kamar bayan kada. Daga nan launin da zaƙin ke fitowa. Ba a sa ta a kwalba in sinadarin maye da ke cikinta ya gaza kashi 40 cikin 100. Tun 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana ta a matsayin kayan ƙasar na musamman, ba a yin ta a wata ƙasa a kira ta da sunan. In aka ce "barasar masara" a matsayin suna, an ba ta sunan ƙanwarta.

Uwar Biyu: Tunda ka ambaci rye, don Allah kada a ce "hatsin rai". Ina yawan ganinsa a intanet, mai karatu sai ya ɗauka hatsin rayuwa ake nufi.

Ɗan Damagaram: Ƴan uwa sannunku. Sunan nan ba na Ingilishi ba ne, na gidan sarautar Faransa ne, kuma akwai gunduma a Kentaki da aka raɗa wa sunan. Mu nan "burbon" muke cewa, kuma shi ya fi kusa da asali. Ku a Najeriya kun saba duk abin da Kano ta faɗa shi ne Hausa, sauranmu mu bi. Rediyon nan har Zinder da Maraɗi da Agadas ake jinsa.

Ɗan Kantin Kwari: To me ya kawo Kano cikin maganar barasar Amurka? Daidaitacciyar Hausa ba mu muka ce a ɗora ta a kan karin Kano ba, haka aka tarar. Masu abin "baban" suke cewa ko "boban", ka saurari wakilin.

Ɗan Damagaram: Ka ce "baban" a rediyo ka ga in ba a tambaye ka baban wa ba.

Malamin Nahawu: Kun ga abin da nake faɗa. Aro bai kawo komai ba sai gardama. Da masana aka bar wa aikin, irin na Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da ba a tsaya ana jayayya da kalmar kicin ba.

Uwar Biyu: Malam, kalmar kicin ita ce Hausar da ka sha a nono. Maganar abinci ake, in ba a tambayi kicin ba wa za a tambaya?

Tsohon Ɗan Jarida: Ya isa haka, yarinyar nan na da aiki da safe. 'Yata, ga shawarata. A ambaton farko ki ce "wiskin burbon, wata barasa da Amurkawa ke yi da masara", daga nan ki riƙa cewa burbon kawai. Na zaɓi lafazin ɗan'uwanmu na Damagaram ne don ya fi fita a makirufo kuma ba ya karo da wata kalma tamu. Inda ake buƙatar sunan aikin, ki ce "zaɓen mahaɗi". Inda aikatau ne, "an zaɓa mata mahaɗi" ko "ta dace da". Ba dole ne kalma ɗaya ta Turanci ta koma kalma ɗaya ta Hausa sau bakwai ba.

Malamin Nahawu: "Zaɓen mahaɗi" bayani ne, ba kalmar fannu ba. Don rahoton gobe na bari. Amma ranar da za a rubuta littafin koyar da aikin otal za a dawo neman kalma guda, kuma in an ƙi aure, to a duba "jituwa". Jituwar ɗanɗano. Na ajiye ta nan.

Baƙon Louisville: Jituwa ta yi kyau ga sakamakon, Malam, wato in zaɓen ya yi nasara. Akwai wurin da za ta shiga?

Mai Fassara: Akwai wuri ɗaya, inda mai girkin ke cewa abin da yake nema ke nan tsakanin kofi da faranti. Na sa ta a can. Ga yadda sakin layin ya tsaya: "A wannan liyafar ɗanɗano, an gabatar da wiskin burbon kala huɗu, barasar da Amurkawa ke yi da masara, kowacce da mahaɗinta. An fara da mai alkama, wadda ta fi laushi, aka zaɓa mata cuku. An rufe da mafi daɗewa a ganga, mahaɗinta baƙin cakulan." Sau huɗu mahaɗi, sau biyu dacewa, sau ɗaya jituwa. Rye kuma na ce "wani hatsi dangin alkama". Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lafazin sunan dai sai abin da edita ya ce da safe, don shi "boban" ya rubuta a gefen takardar.

Ɗan Damagaram: Ki nuna masa abin da Baba ya rubuta kafin ku shiga.