Neman kalma: kuɗin da ake biyan mai sola a gida

'Yar Rediyo: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo, a taimaka. Rahotona kan yadda gwamnatoci ke kwaɗaita wa mutane sa sola a gida ne. Na rubuta "tallafi" har sau shida, alhali abubuwan ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne "feed-in tariff".

Injiniya: Wa alaikumus salam. Wannan ciniki ne, Hajiya. Farantan da ke kan rufinki su samar da wuta, ki tura ta layi, kamfanin lantarki ya biya ki. Dokar Jamus ta 2000 ta tsayar da farashin har shekara 20, shi ya sa mutum zai iya cin bashi ya sa sola da kwanciyar hankali. Ki ce "tsayayyen farashin sayen wuta".

Tsohon Malami: Ya yi tsawo, baki ba zai ɗauka ba. Ni "tukuicin rana" na fi so.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, tukuici ganin dama ne. Wannan kuwa haƙƙi ne da doka ta rubuta.

Tsohon Malami: To ai "sola" ɗin ma ciwo take min. Muna da "hasken rana", sai mu riƙa aron bakin wasu? Haka harshe ke mutuwa muna kallo.

Ɗalibi: Baba, da girmamawa, "lantarki" ma daga Turanci muka samo ta, "haraji" kuma daga Larabci.

Tsohon Malami: Waɗancan sun shekara da shekaru a bakinmu, yaro. Ku abin da ke damunku kada a ce ba ku waye ba.

Ɗalibi: Wallahi kishin Hausa ne ya zaunar da ni a nan.

'Yar Rediyo: Don Allah saura minti arba'in. Na Amurka fa, kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kayan da dokar 2022 ta sa aka riƙa cire wa mutum daga harajin da ake bin sa har zuwa ƙarshen 2025?

Injiniya: "Ragin haraji". Ki ajiye "tallafi" sai inda gwamnati ta biya wani ɓangare na kuɗin kayan.

'Yar Rediyo: Na ɗauka. Na farkon zan ce "tsayayyen farashi", in yi bayani da jimla ɗaya.

Tsohon Malami: Na yau dai ki yi hakan, 'yata. Amma ban janye "tukuicin rana" ba, kuma ki ce "wutar hasken rana" ko sau ɗaya ne.