Gurbin da Ya Kamata a Fara Cikewa a Zaɓen 'Yan Wasan NFL, Babbar Gasar Ƙwallon Amurka

A muhawarar da masoya ƙwallon Amurka suka tafka kan wanda ya kamata ƙungiya ta fara ɗauka, mafi yawansu sun zaɓi kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, domin shi ke jan ragamar hari. Wasu kuwa sun yi gargaɗi cewa mai jifa ba ya tsinana komai muddin babu ƙarfafan da za su tsare gabansa, inda suka kawo misalin kwatabak David Carr, wanda Houston Texans ta ɗauka na farko a 2002, aka kayar da shi sau 76 a kakar farko. Hujjarsu ta fi gamsar da ni, musamman da yake sai a lamba ta 199 aka ɗauki Tom Brady, wanda ya zama shahararren kwatabak, a 2000.