Ƙungiyoyin kare kayan tarihi suna da ta cewa kan badalar Kano kuwa?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Jiya na bi titin BUK daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Famfo, sai na ga wuraren da badala ta koma tudun ƙasa, yara suna zamiya a kanta, shaguna kuma sun matso har gindinta. Wannan fa ita ce ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Ina ƙungiyoyin da ke cewa suna kare kayan tarihi suke shiga idan ana shawarar faɗaɗa titi ko yanka filaye? Ko kuwa sai an rushe sannan su fito da takardar koke?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a yi musu adalci, domin babu wuƙa a hannunsu. Tuni aka ayyana ganuwar a matsayin kayan tarihi na ƙasa, kulawarta tana wuyan hukumar gidajen tarihi ta tarayya, amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa ga gwamnan jiha, don haka mai gadi daban, mai rabon fili daban. A 2007 ganuwar ta shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, duk da haka aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 saboda aikin titi. Laifin da nake gani a wurin ƙungiyoyin shi ne jinkiri: ya kamata su zauna da masu tsara birni tun taswira tana kan tebur.

'Yar Yakasai:
Malam, na yarda, sai dai a tuna cewa ƙofar da aka gina domin doki da raƙumi ba za ta ɗauki motar asibiti da cunkoson adaidaita sahu ba. Mutanen cikin gari ma suna son hanya. Abin da ya fi damuna kududdufai ne, waɗanda aka haƙa domin samun ƙasar gini suka zama matattarar ruwan sama. Ana cike su ana gini, da damina kuma ruwa ya shigo mana tsakar gida. Da ƙungiyoyin sun haɗa maganar tarihi da ta ambaliya, da talaka ya saurare su.

Jikan Magina:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ko da an hana rusau, ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, kuma masu iya tubali da makuba da jera azara tsufa suke yi. Ƙofar da aka sāke da siminti suna kawai ta gada. Ƙungiyoyin su nemo wa dattawanmu almajiran da za su koyi sana'ar tun suna raye.