Musayar baitoci a kan Amurka da 'ya'yanta a lokacin yaƙi

Kawu Na-Mishigan

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na yi shekara huɗu ina karatu a jihar Mishigan, kuma tsohuwar da na zauna haya a gidanta ta taɓa ba ni labarin yadda a shekarar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tana 'yar firamare, aka sallame su daga aji suka bazu gefen hanyoyi suna tsinkar ƙwanson wata ciyawa, dangin tumfafiyarmu. Dalili kuwa shi ne Jafan ta mamaye tsibirin Jawa tun 1942, audugar rimin da ake samowa daga can ana cusawa a rigunan hana nutsewa ta yanke. Ta ce a buhunan albasa suke zuba ƙwanson, su rataye a jikin shinge har ya bushe, sannan a kai shi masana'anta a garin Fetoski. Wannan labari ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Yabon kyan halayen mutanen Amurka.

Gidajen karatu a birni da ƙauye,
Aro za a ba ka, a ƙyale kwabonka.

Idan an yi layi, sarauta ta ƙare,
Da sarki da bawa guda ne ga doka.

Da yaƙi ya kai Jawa, rimi ya yanke,
Ga yara ƙanana kira anka aika.

Su tsinko ta tumfafiya can a daji,
Buhu biyu, riga guda za a ɗinka.

Waɗansu su tara ƙarafa da roba,
Waɗansu a bayan gida sun yi shuka.

'Yar Damagaram

Kawu, Allah ya ƙara girma. Da ba ka sa kalmar "bawa" a baiti na uku ba, da na wuce ban tanka ba, amma tunda kai ka kira shi, bari ya amsa.

Ka ce mana sarki da bawa guda ne,
Ina ka aje littafin tarihinka?

Baƙaƙe a soja daban anka ware,
Jini ma daban za a sa shi a taska.

Matasan Taskigi su tashi da jirgi,
Su dawo gida, babu sannu da barka.

Iyaye a kulle cikin sansanoni,
Samarinsu na faɗuwa don Amurka.

Matasan Taskigi su ne baƙaƙen fata matuƙan jiragen yaƙin Amurka. Baitin ƙarshe kuma yana magana ne a kan mutum kusan 120,000 masu asalin Jafan, akasarinsu haifaffun Amurka, waɗanda aka kwashe daga gidajensu a 1942 aka tsare a bayan waya, alhali 'ya'yansu na runduna ta 442 suna mutuwa a Italiya da Faransa. Wariyar launi a aikin soja kuwa ba a ba da umurnin kawar da ita ba sai a 1948, shekara uku bayan an gama yaƙin.

Malam Mai Aruli

Ban zo shiga tsakanin kawu da 'yarsa ba, domin ban taɓa taka Amurka ba. Abin da ya tayar da ni shi ne baitin buɗewa. Karin Mutaƙarab ne, kuma ya zauna daram, gaɓa goma sha biyu a kowane ɗango, amma an rufe ɗangon farko da "waƙa" an rufe na biyu da "Amurka", an ɗauka an yi amsa-amo. Ƙa mai lanƙwasa ba ka ba ce, kuma wanda ya haɗa su a ƙofar waƙarsa ya shiga gida da takalmi.

Da baki da baƙi daban ne a Hausa,
Idan ka ƙi, je tambayi kakaninka.

Hajiya Inna Mai Goro

Masha Allah, Kawu, toron giwa, gagara gasa! Wanda ya ga abu da idonsa ba ɗaya yake da wanda ya ji a rediyo ba. Ni dai baitin tumfafiya ya biya ni, domin ban taɓa zaton dangin wannan ciyawa da muke rainawa a bakin kwalbati za su iya tsamo soja daga teku ba. Ke kuma 'yar nan ta Damagaram, ki riƙa barin babba ya sauke numfashi kafin ki tare shi da tarihi.

Ɗan Zongon Kumasi

Inna, ki yi haƙuri, ni ina bayan Yaya ta Damagaram, kuma baitinta na jini ya fi duk abin da aka rubuta a nan nauyi. Kawu ya nuna mana yaran da suka tsaya a lambu, ni kuwa zan nuna masa wanda ya hau jirgin yaƙi. Kalbin Giraham ɗan jihar Teksas ne, ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga sojan ruwa a 1942 yana ɗan shekara 12, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ɓaraguzan harsashi suka same shi a muƙamuƙi yana cikin jirgin da ake kira Sawut Dakota.

Ka kai mu ga lambu, ka ɓoye na jirgi,
Ina ɗan da yaƙi ya yanka a fuska?

Da sha biyu Kalbin ya ce sha bakwai ne,
Suka kai shi Gwadalkanal cikin wuta da iska.

Asiri ya tonu, ya kwan kurkukunsu,
Lambobin da yas samu duk anka ɗauka.

Da kakanmu Bama ya je yana yaro,
Ya dawo da tari da wofi a jaka.

Hajiya Inna Mai Goro

Ɗana, Allah ya ji ƙan kakanka, amma Ingila ce ta kwashi sojojin Afirka ta Yamma ta kai su Bama, ba Amurka ba. Kada ka ɗora wa kura laifin damisa don kawai dukansu suna cin akuya.

Malam Mai Aruli

Ɗan Zongo, ɗangonka na huɗu gaɓa goma sha biyar gare shi, na ƙirga sau biyu da yatsa, alhali 'yan'uwansa sha biyu ne. Sunan tsibirin nan shi kaɗai ya cinye gaɓa huɗu, kuma maimakon ka rage kaya sai ka ƙara masa wuta da iska. Zihafi halal ne ga mawaƙi, a gajarta gaɓa a nan ko a can, amma wannan ya wuce zihafi, jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

'Yar Damagaram

Allah gafarta Malam, ga naka.

Ana maganar rai, kana ƙirga gaɓɓai,
Ka kai mudu kasuwa, can ne gidanka.

Da yaro a kwance, jini na malala,
Ka tsallake shi, ka wuce kan ƙa da ka.

Malam Mai Aruli

'Yata, ɗangonki na ƙarshe ma ya yi ɗingishi, amma na yafe miki saboda zafin zuciya. Na so in amsa miki a kan amsa-amon da ake tafiya a kai, sai na tarar cewa nahawu ba zai bar ni in ce wa mace "naka" ba.

Idan babu mudu, awo ba ya yiwu,
Rashin mudu shi ke zubar da hatsinki.

Idan kin ji tausai, ki auna shi daidai,
Ya shiga kunne, a riƙe zancenki.

'Yar Damagaram

Jama'a ku shaida, mai gadin amsa-amo shi ne ya fara ɓalle ƙofa. Kawu ya sauya baƙi ɗaya aka ce ya shiga gida da takalmi, Malam kuwa ya sauya wasali sukutum, daga ka ya koma ki, kuma yana neman a yi masa uzuri da nahawu.

Ɗan Zongon Kumasi

Yaya, kin gama da shi. Ni kuma ba zan taɓa ɗangona ba, domin ba ni na raɗa wa tsibirin suna ba, kuma ba zan guntule shi don ya shiga mudun Malam ba.

Kawu Na-Mishigan (bayan kwana uku)

Ku gafarce ni, zazzaɓi ne ya kwantar da ni, na dawo na tarar an bar Amurka an koma kasuwar hatsi. Malam, na karɓi gyara, ƙa ba ka ba ce, kuma zan sauya ɗangon idan na samu wanda ya fi shi. Ke kuma ɗiyata, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika lissafa ba, kuma na yarda cewa kalmar "bawa" tuntuɓen alƙalami ce a waƙar da ake yi wa ƙasar da sai a 1865 ta haramta bauta. Sai dai ina so ki lura cewa duk wannan tonon silili a littattafansu yake, a kan kantocin ɗakunan karatun da na yaba, waɗanda attajiri guda, Andiru Kanegi, ya ba da kuɗin gina fiye da 1,600 daga cikinsu. A 1988 Shugaba Regan ya sa hannu a dokar da ta nemi afuwar waɗanda aka tsare a sansanonin, aka biya duk wanda ke raye dala 20,000.

Abin da kika ce, ɗiyata, hakan ne,
A ɗakin karatunsu ne za a riska.

Ƙasar da take tona laifinta fili,
Ta roƙi afuwa, diyya ma ta aika.

Ki duba Ali, ya ƙi yaƙin Biyetnam,
Suka ƙwace kambu, Ali bai yi shakka.

Da sha uku, ƙyalle baƙi ne a dantse,
Shari'a ta kai ƙoli don Meri Tinka.

Su ce: wanda zai ɗauki bindiga yaƙi,
A bar shi ya zaɓa. Aka gyara doka.

Ga wanda bai san waɗannan ba: ɗan dambe Muhammad Ali ya ƙi amsa kiran shiga soja a birnin Hustan a watan Afrilu na 1967 yana da shekara 25, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa a 1971. Meri Bet Tinka kuwa ɗaliba ce a jihar Ayowa da aka dakatar daga makaranta a Disambar 1965 saboda ta ɗaura baƙin ƙyalle a dantse don nuna ƙin yaƙin, kuma a 1969 kotun ta ce ita ke da gaskiya. A 1971 ɗin ne aka yi wa tsarin mulki gyara na 26, shekarun jefa ƙuri'a suka sauko daga 21 zuwa 18, domin tun 1942 ake ɗaukar 'yan shekara 18 aikin soja na dole ba tare da suna da bakin zaɓen wanda ke tura su ba. Yaron da ya tsinko tumfafiya na yaba, amma wadda ta ɗaura ƙyalle ta fi burge ni.

Hajiya Inna Mai Goro

Allah ya ƙara lafiya, Kawu, Allah ya sa kaffara ce. Idan zaki ya yi gyaran murya, 'yan karen da suka cika fili sai su nemi inuwa.

'Yar Damagaram

Sannu da jiki, Kawu. Inna kuma, ba mu nemi inuwa ba, muna nan a rana. Ka ambaci gyaran 1971, ba ka ambaci farashinsa ba. A ranar 4 ga Mayu 1970 sojojin tsaron jihar Ohayo suka buɗe wuta a kan ɗaliban jami'ar Kent masu zanga-zangar ƙin faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya, huɗu suka mutu, tara suka ji rauni.

Ka ce sun yi gyara, ka ɓoye kuɗinsa,
Jinin ɗalibai ne ya biya Amurka.

A Kent an yi harbi cikin makaranta,
Huɗu suka faɗi, iyaye da kuka.

Akwai wani bango baƙi can a birni,
Idan ka tsaya za ka hango fuskarka.

Dubu hamsin, ƙara takwas, duka suna,
Matasa yawancinsu, je ka ka riska.

Kawu Na-Mishigan

Na je na riska, ɗiyata. Bangon, mai ɗauke da sunayen sojojin Amurka da suka mutu ko suka ɓace a yaƙin Biyetnam, yana birnin Washinton, baƙin dutse ne da aka goge shi har yana ɗaukar hoton mutum, kuma hanyar da ke bin gefensa gangarawa take yi, ta yadda sunayen da suka fara daga idon sahunka za su yi ta hawa har su wuce kanka. Na ga wani dattijo ya ɗora takarda a kan suna ɗaya yana goga fensir a hankali har haruffan suka fito, a gindin bangon kuma an ajiye tsofaffin takalman soja da wasiƙa a cikin leda. Wadda ta zana shi, Maya Lin, ɗaliba ce 'yar shekara 21 lokacin da ta ci gasar a 1981, saboda haka wannan bangon da kika jefe ni da shi ma na lissafa shi a cikin nawa.

Malam Mai Aruli

Baitin bango na 'Yar Damagaram shi ne mafi kyawun abin da na karanta a wannan musaya, kuma ba na faɗar haka don neman sulhu. Sai dai "fuskarka" ta zo da gaɓa mai nauyi a inda ake bukatar marar nauyi.

Ɗan Zongon Kumasi

Kowa ya samu amsa ban da ni. Kawu ya amsa wa Yaya baiti da baiti, ya amsa wa Malam, amma ya tsallake Kalbin kamar bai gan shi ba.

Kawu Na-Mishigan

Ban tsallake shi da gangan ba, ɗana. An sallame shi a 1943 ba tare da girmamawa ba, amma a 1978 an ba shi takardar sallama ta mutunci, aka kuma mayar masa da akasarin lambobinsa.

Ɗan Zongon Kumasi

Na gode, Kawu. Daga 1943 zuwa 1978 shekara 35 ke nan. Malam, ga wani ɗangon ka ƙirga, kuma wannan karon ma ba zan rage masa komai ba.

Da sha biyu yaƙi ya karɓe shi take,
Sai da ya kai arba'in da takwas takarda ta sauka.