Waƙa Daban, Mai Waƙa Daban?

Muhawarar ta tashi ne a zauren WhatsApp na dangin wani gida a Birni, ana saura mako ɗaya bikin ƙanwarsu. An tura jerin waƙoƙin da za a saka ranar wuni, ciki har da uku na wani mawaƙi da garin ya san ya yi wa matarsa dukan da ya karya mata hannu.

Anti Rabi: A cire waƙoƙin mutumin nan. Ba a gidanmu ba.

Laminu: Haba Anti. Muryarsa za mu ji, ba zama da shi za mu yi ba. Waƙa daban, mai waƙa daban. In telan da ya ɗinka miki kaya mashayi ne, kina yaga rigar?

Anti Rabi: Riga ba ta kiran sunan tela a tsakiyar taro.

Mushe Issa: Yaya, ni kam ina bayan Laminu. Imru'ul Ƙais ɗan jahiliyya ne, baitocinsa cike da giya da mata, amma malamai na karantar da su a zaure saboda Larabcinsu. Abu Nuwas ma haka, da giya ya yi suna. Ba wanda ya ce a ƙona littattafan. In sai mun bincika halin kowa kafin mu saurare shi, wallahi rediyo ma sai mu kashe. Laifi tudu ne.

Malam Habu: Mushe, ka kawo misali mai kyau amma ka tsallake rabinsa. Ana karanta su ne don nahawu da luga, kuma malami na gaya wa almajiri ga abin ɗauka, ga abin bari. Sannan sun fi shekara dubu a ƙasa. Ba sa cin ko dala daga karatunmu, waɗanda suka ɓata wa rai ma ba sa nan. Wannan kuwa yana raye, jiya na gan shi bisa babur a Kasuwar Dole.

Laminu: To ai Malam ba gayyato shi muka yi ba. Daga memori za a saka. Ba liƙi, ba ko jika ɗaya da za ta shiga aljihunsa.

Zainabu: Yaya Laminu, ba sai da liƙi ba. Ƙawaye za su ɗauki bidiyo su watsa a TikTok da muryarsa, gobe wani ango ya ji ya kira shi. Ai da haka ake tashi.

Mushe Issa: Maganar kuɗin ma ba ta miƙe yadda kuke zato ba. R. Kelly, mawaƙin Amurka, kotu ta same shi da laifin lalata da ƴan mata a 2021, aka yanke masa shekara 30 a 2022. YouTube ta rufe shafukansa. Amma a 2023 alƙali ya ba da umarnin a kwashe kuɗin waƙoƙinsa da ke hannun kamfani, sama da dalar Amurka dubu 500, don biyan diyya da tara. Kun ga nan kuɗin saurare ya koma wajen waɗanda aka zalunta.

Zainabu: Can kotu ta yi aikinta, Kawu. Nan fa? An kai magana, manya suka shiga, aka ce a yi haƙuri. Ita ta koma gidan iyayenta da hannu a ɗaure, shi ya ci gaba da wasa.

Mushe Issa: Wannan gaskiya ne. A Faransa ma ba su daidaita ba. Mawaƙi Bertrand Cantat ya kashe budurwarsa Marie Trintignant da duka a 2003, aka ɗaure shi shekara 8, ya fito a 2007. Da ya fita rangadin wasa a 2018 zanga-zanga ta sa ya yanke shi, alhali wasu sun sayi tikiti. Shi da ya yi zaman kaso ke nan.

Laminu: Ni dai abin da nake tsoro, yau shi, gobe wani a kan jita-jita kawai. Wa zai riƙa yanke mana hukunci?

Anti Rabi: Jita-jita? Ni na riƙe mata gyale a wajen mai ɗori, tana cije leɓe don kada ta yi ihu. Kuma Laminu, ka saurari ta biyun da kyau. Wancan baitin na macen da ba ta jin magana, da wa kake zaton yake? Habaici ne, kowa a Garin Malam ya gane. A nan ka raba mini waƙar da mai waƙar.

Malam Habu: Ban san da wannan ba. Subhanallahi.

Laminu: To a cire ta biyun. Sauran biyun fa? Na soyayya ne zalla, tun kafin ya yi aure ya yi su, kuma amarya da kanta ta zaɓa.

Mushe Issa: Ni ma a motata ba zan fasa jin su ba, ba zan ɓoye muku ba.

Anti Rabi: Motarka taka ce, ƙanena. Amma uwar yarinyar tana cikin waɗanda na kai wa goron gayyata da hannuna, a tabarmar gaba za ta zauna. Laminu, in ka saka, kai za ka tsaya gabanta ka yi mata bayanin tela.

Laminu: Bari in kira amaryar tukuna.