Waɗanda suka bar Windows suka koma Linux, yaya kuka ƙare da ita?

Malamin sakandare, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da aka daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro hankalina bai kwanta ba, don sakamakon ɗalibaina duk a laftof ɗin nan yake. Ta hannu na saye ta, injinta Intel ƙarni na shida, Windows 11 kuwa sai ƙarni na takwas zuwa sama da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Lafiyarta ƙalau, kuɗin sabuwa kuma babu. Ƙanena ya sa min Linux Mint, wani nau'in Linux, a madadin Windows, mako uku ke nan. Sauri kam ta ƙara. Amma takardar jarrabawar da na tsara a Word, da na buɗe ta a LibreOffice, madadin Word a Linux, sai tebur ya goce, shafi huɗu ya koma biyar. Wanda ya bi hanyar nan ya gaya min yadda ya yi.

Mai shagon buga takardu, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Takardarka ba ta lalace ba. Salon haruffan da ka rubuta da shi, wataƙila Calibri, babu shi a Linux, sai manhajar ta ɗauko wani mai faɗi daban ta cike gurbin. Ka sa Carlito, faɗinsa ɗaya da Calibri, layuka za su koma mazauninsu. Kuma duk abin da za ka kai wa irinmu mu buga, ka mayar da shi PDF tun daga gida.

Ni kwamfuta uku gare ni a shago. Biyu na mayar Linux, yara suna buga takardu da cike fom a kansu, kuma tun daga lokacin na huta da ƙwayar cutar da ke biyo filash ɗin kwastomomi ta ɓoye musu folda. Ta ukun na bar ta a Windows saboda CorelDraw. Katin biki da kalanda da shi ake yi, masu injin bugawa fayil ɗinsa suke karɓa. Na gwada Inkscape, madadinsa a Linux, wata guda, yana aiki, amma hannun da ya shekara goma a wuri ɗaya ba ya sauyawa ana tsakiyar kakar aure. Abin da kake ci da shi kada ka yi gaggawar taɓa shi.

Ɗaliba, Maradi:
Ni haruffanmu ne suka tsayar da ni. Allon rubutun laftof ɗina na Faransanci ne, AZERTY, kuma ina rubuta kundina da Hausa. Kwana biyu ina kwafo ƙ da ɗ ɗaya-ɗaya daga tsohon fayil, kafin na gano cewa akwai tsarin Hausa a jerin allunan rubutu na Linux, ƙara shi kawai ake yi. Mu a Nijar da ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y, don haka Malam ka gwada kowane harafi kafin ka fara dogon aiki.

Tsohon ma'aikacin banki, Kaduna:
Malam, ka gode wa Allah ƙanenka ya san abin da yake yi. Ni da kaina na sa. Da aka tambaye ni ko a share ma'ajiyar gaba ɗaya, na ɗauka ɓangaren Windows kaɗai ake nufi, na amsa. Hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na sunan 'ya'yana duk suka tafi. Har yau abin yana min ciwo. Don Allah kowa ya kwashe kayansa zuwa wani wuri tukuna. Kuma ana iya kunna Mint daga filash a yini ana gwada ta, a ga ko firinta da Wi-Fi suna aiki, ba tare da an taɓa komai a kwamfutar ba.

Mai haɗa bidiyo, Jos:
Allah ya jiƙan Mama, Baba. Ni Mac na koma, amma wahalar sabo ɗaya ce. Yatsana ya yi mako biyu yana neman Ctrl alhali Command ake dannawa. Maɓallin nan ja da ke saman taga kuma tagar kawai yake rufewa, manhajar tana nan tana aiki sai ka danna Command da Q. Babbar ma'ajiyata ta waje tsarin NTFS na Windows ce, Mac yana karantawa amma ba ya rubutu a kai, sai da na kwashe komai na mayar da ita tsarin exFAT da Mac ke iya rubutu a kai.

Malamin sakandare, Zariya:
Amin, Allah ya gafarta mata, Alhaji. Hajiya mai shago na gode, na sa Carlito da daren jiya, jarrabawar ta dawo shafi huɗu cif. Saura firintar ofishinmu, ranar Litinin zan je da kebul in gwada.